Ƙarar Ƙafar Hagu a Motar Fachi

Ban taɓa mantawa da wata Laraba a garajin gwamnati na Agadas ba, ranar da Allah ne kaɗai ya kiyaye ban sauke wa shofer Alasan guduma a ka ba. Kullum kuna yi mini dariya wai in mutum ya kawo mini mota tana ƙara sai in tsare shi da tambayar gidansu. To, ku gyara zama ku ji mafarin abin.

Shekaru kaɗan ne bayan mun samu mulkin kai. Nasara sun tafi, sun bar mana garaji da motoci ƴan ƙalilan da kuma gawawwakin wasu a bayan katanga. Ni ne babban mekanisiye, ana ce mini Metur Illa. A samana akwai shef na garaji, wanda muke ce wa Mushe Abdu irin kiran Faransanci, wani saurayi da aka turo daga Yamai da takardar lakwal, wato makaranta, mai hatimi. Ba mugu ba ne, amma duk abin da bai gani a littafi ba bai yarda akwai shi a duniya ba. Ƙa'idar aikinmu kuwa ita ce, duk motar da za ta shiga hamadar Tenere sai mekanisiye ya duba ta ya sa hannu a takarda, shef ya sa nasa, sannan a kai biron kumandan, wato ofishin mai mulkin gari, a ba shofer izinin tafiya. Sa hannun nan ba ado ba ne. Ma'anarsa ka ce wa mutane, ku hau, na ɗauki alhakinku.

A makon nan an shirya tura anfirmiye, wato malamin asibiti, da mataimakansa biyu zuwa Fachi su yi wa jama'a lambar agana. Da shofer da ɗan jagora, mutum biyar ke nan. Bisa ƙa'ida mota biyu ke tafiya tare, amma ɗayar tana Damagaram wajen gyara tun kafin azumi, don haka katkat guda ce, motar nan mai ja da ƙafa huɗu, za ta tsallaka Tenere ita kaɗai. Wanda ya san hanyar ya san abin da nake nufi. In ƙafa ta fita a can, ba mai wucewa ya gan ka sai in azalai, ayarin raƙuman gishiri, ya zo, kuma ba lokacinsa ba ne. An sa tafiyar ranar Alhamis da asuba.

Ranar Litinin da hantsi Alasan ya same ni ina wanke hannu. Mutum ne ɗan tsohon gari, dogo, mai sanyin magana, jinin maƙera ne ta uwa da uba, kuma a duk shofer ɗinmu babu mai kunnensa. Ya tsuguna ya ce, "Metur, ƙafar baya ta hagu tana magana."

Na ce, "Me take cewa?"

Ya ce, "Ƙas, ƙas, ƙas. A hankali."

Na ce ya tada mota mu fita. Muka bi ta wajen Dagmanet, lokacin gidaje ba su cika wurin ba, fili ne da ƙaya. Na sa ya yi gudu, na sa ya rage, na sa ya taka furen, wato birki, na sa ya murɗa bolan, wato sitiyari, dama da hagu. Ku da kuke aikin nan kun san yadda ake tambayar ƙara. In tana ƙaruwa da gudu tana gurnani, rulma ne, wato ƙwallayen nan da ƙafa ke juyawa a kansu. In ta canza lokacin da aka taka furen, to a cikin tambur take, kwanon nan da furen ke matsewa. In tana bugawa sau ɗaya duk juyin ƙafa, a nemi dutse ko ƙusa a jikin roba. Na kasa kunne har wuyana ya ƙage, ban ji komai ba sai kukan motar da aka sani.

Da muka dawo na ciro ƴan tsakuwa daga robar, na ɗora kile, wato sifana, a kan ekuru, notin nan biyar da ke riƙe ƙafar, na ja da ƙarfina. Tamau suke. Na ce, "Ga maganarka nan, tsakuwa ce." Ya dubi tsakuwar a tafin hannuna ya ce, "Metur, a ƙara dubawa."

Ranar Talata muka ƙara dubawa. A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna sai in ji haushin kaina. Ina ɗauko kirik na ɗaga mota, Alasan ya karɓe ya ce, "Haba Metur, ina tsaye kai ka kwance ƙafa?" Kafin in gama zaɓen kayan aiki ya ɗaga mota, ya cire ƙafar, ya zuba ekuru ɗin a aljihunsa wai kar su shiga yashi. Na ji daɗi ma, na ce da dukan shofer haka suke da mun huta. Na lura gujon ɗin, wato ƙarafan nan biyar masu zare da ƙafa ke shiga a ɗaure ta da ekuru, sun sha gires baƙi ƙirin har ba a ganin jikinsu. Na ce wannan mutum akwai kula da mota, na wuce wurin da hankalina yake.

Na buɗe tambur, furen lafiya lau. Na juya rulma da hannu, yana tafiya sumul. Mushe Abdu ya zo ya tsaya a kaina da littafinsa a buɗe, ya karanta mini da Faransanci cewa ƙara a ƙafa rulma ne. Na ce, "Shef, wannan rulman bai da laifi." Ya ce littafi bai ce a tambayi rulma ra'ayinsa ba, a canza. Guda ɗaya tak ya rage mana a magaza, ɗakin ajiyarmu, wanda nake ɓoyo kamar kuɗin biki, haka na ciro shi na sa ina ƙunƙuni. Alasan ya sake rigana mayar da ƙafa. Muka fita, muka zaga, shiru.

Na ce, "To, yanzu fa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ta daina ba, Metur."

"Ka ji ta yanzu?"

"Yanzu dai ban ji ba."

"To ta yaya ka san ba ta daina ba?"

Sai ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki, ya ce, "Da za a samu a canza komai na ƙafar nan, da ya fi."

Kai, raina ya ɓaci. Komai na ƙafa? A Agadas ta wancan lokaci, inda in ka rubuta neman wayar bujiya, wato fulogi, sai ka yi furfura kafin ta iso daga Yamai? Na ce masa in tsoron Tenere yake ji ya faɗa a nemi wani, ya daina wahalar da ni. Maganar ta yi masa zafi, na gani a idonsa, don mutumin nan ya tsallaka Tenere fiye da yadda na je kasuwa. Da na koma gida abinci ma kasa ci na yi, don na san kunnen Alasan ba ya ƙarya, kuma na san hannuna bai taɓa laifin ba.

Laraba da safe Mushe Abdu ya kira ni biro. Takardar tana kan tebur, alƙalami a gefenta. Ya ce anfirmiye ya zo sau biyu, ruwan lambar ba ya son zafi, ba zai jira mu ba. Ya ce, "Metur Illa, kai ba ka ji ƙara ba, ni ban ji ba, rulma sabo ne. Ka sa hannu."

Na ce, "Shef, wanda zai tuƙa ta ya ce akwai."

Ya ce, "Zuwa azahar ka nuna mini abin da ido ke gani. In ba haka ba zan sa hannu a wurinka da wurina, gobe mota ta tashi."

Kuma zai yi, na san shi. Ban ma ga laifinsa sosai ba, don a can Fachi mutane ne ke jiran lamba. Na fito ina huci, na sami Alasan a inuwar katanga, na yi masa tambayar da ya kamata in yi tun Litinin. Na ce, "Ranar da ka fara jin ƙarar nan, me ka ɗauko?" Ya ce tono shida na esans, wato gangunan fetur, daga depo, ranar Asabar. Na dafe kai. Kwana biyu ina gwada mota wayam, alhali ita da kaya take magana, kuma bawan Allahn nan yana kallona bai ce mini komai ba.

Na sa aka loda mata duk kayan tafiyar, tono na esans, tono na ruwa, akwatunan anfirmiye, na ƙara buhunan yashi a madadin mutane. Wajen lodin ne na ga salka huɗu sababbi cike da ruwa an cusa su a bayan kujera an lulluɓe da bargo, ga jakar dabino da cuku. Ba sa cikin lissafin kayan da aka ba mu. Na ce, "Alasan, rijiya za ka buɗe a Fachi?" Ya ce, "Tenere ce, Metur." Na bar zancen.

Kafin mu tashi na ja ekuru ɗin da hannuna, na ɗauki alli na ja layi a kan kowane ekuru har zuwa jikin janti, ƙarfen da roba ke kewaye, yadda in ɗaya ya motsa ko da ƙwayar gero ne zan gani. Na hana Alasan taɓa ƙafar. Sannan na kwanta rub da ciki a kan buhunan baya, kaina a waje daidai saman ƙafar hagu, babban mutum da ni, mata masu ɗebo ruwa suna nuna ni suna dariya. Muka gangara korin Telwa, busasshen rafin nan, inda yashi yake da laushi irin na hanya. Miƙe, shiru. Ya murɗa hagu, shiru. Da ya murɗa dama, nauyin kaya ya kwanta a kan ƙafar hagu, sai na ji ta. Ƙas, ƙas, ƙas. Ba ta fi ƙarar cokali a jikin gilashin shayi ba. Na buga jikin mota na ce a tsaya.

Layin alli biyu sun goce. Ekuru da na ja da hannuna na ji su tamau sun saki a tafiyar da ba ta kai ta shan sigari ba. A take na gane cewa kowace safiya wani yana rigana zuwa yana ƙara ɗaure su.

A garaji na kwance ƙafar da kaina. Da Alasan ya miƙo hannu na ce in ya taɓa kilen nan zan karya masa yatsu. Na jiƙa tsumma da esans na wanke gires ɗin nan tas. Gujon na kamfani fari ne mai duhu-duhu. Waɗannan kuwa baƙaƙe ne da shuɗi-shuɗi, launin ƙarfen da ya shiga wuta. Na goga magagari a jikin ɗaya, ya zame kamar a kan kwalba, bai ci ko kaɗan ba. Da na duba bakin kowane gujon sai na ga ɗan zane, ɗigo a tsakiya da da'ira kewaye da shi, abin da maƙeran garin nan ke kira idon hawainiya. An yi shi da kyau kuwa, duk biyar ɗin daidai wa daida. Irin zanen nan yana jikin wuƙar da ke ɗamarata a lokacin, kuma na san a gidan wa na saye ta. Hannun Baba Sidi ne, tsohon maƙerin da ke bayan babban masallaci, wanda Alasan ke auren ɗiyarsa.

Na aika aka kira Mushe Abdu. Na ce, "Shef, ga abin da ido ke gani." Na ɗauki ƙaramar guduma na ɗan taɓa gujon ɗaya daga gefe, bugun da ba zai fasa gyaɗa ba. Ya ɓalle ya faɗi ƙasa kamar an fasa kan sukari. Na biyu ma haka. A gindin na uku akwai tsaga da ta ci fiye da rabinsa. Mushe Abdu ya tsuguna ya ɗauki guntun, ya juya shi, ya rufe littafinsa ya sa a hammata. Sannan ya ce a hankali, "Da na sa hannu."

Na juya kan Alasan, gudumar tana hannuna. Na ce, "Wa ya sa gujon ɗin nan a wuta?"

Ya ja amawali har kusan idanu. "Metur, ba bakina ba."

"Kwana uku, Alasan. Kwana uku kana kallona ina tonon inda babu ruwa. Ka sa na ɓarnatar da rulma na ƙarshe. Ka shafe su da gires don kar in gani, ka bi su da kile kowace safiya, sannan ka zo kana ce mini a ƙara dubawa?"

Ya ce, "Ai na ce ƙafar hagu ce."

Sai salkunan nan huɗu suka faɗo mini a rai. Na ce, "Ruwan da ka ɓoye a bayan kujera, na ranar da ƙafar za ta fita ne?" Ya ce ya lissafa zai ƙara wa mutum huɗu kwana uku. Na ce ai ku biyar ne. Ya kau da kai. Wallahi a nan ne na ajiye gudumar a ƙasa, don ban yarda da hannuna ba. Mutum ya iya zama ya lissafa ruwan mutuwarsa, ya cire kansa daga rabo, amma ba zai iya buɗe baki ya ce aikin surukinsa bai yi ba.

Mushe Abdu ya ce zai rubuta shi a kore shi. Na ce, "Shef, in ka ba ni izini ni zan fara dukansa kafin ka kore shi. Amma da ya yi shiru gaba ɗaya, da tun Litinin mun sa hannu muna murna. Kuma in ka kore shi wa zai kai su Fachi, littafin?" Ya harare ni, amma bai rubuta ba.

Bayan la'asar na zuba guntayen a aljihu na tafi maƙerar Baba Sidi. Abin da suruki ba zai iya faɗa ba, baƙo yana iyawa. Na gaishe shi, na zube su a gabansa. Daga bakinsa na ji yadda aka yi. Makonni biyu kafin nan Alasan ya dawo daga Ingal, ekuru sun saki a hanya, janti ya lanƙwasa gujon uku. Ya iso garaji a rufe, motar ta kwana a ƙofar gidansu da ke kusa da maƙerar. Tsoho ya fito ya ga abin, ya ce a kawo masa, ƙarfe ai ƙarfe ne. Surukinka ya ce kawo, kai wane ne da za ka ce a'a? Ya zuga su suka yi ja, ya miƙe su, ya haɗa da biyun da ba su da laifi don su zama ɗaya, sannan ya tsoma su a ruwan sanyi yadda ake yi wa bakin wuƙa don ta yi ƙarfi. Da ya ga sun yi kyau sai ya ƙara musu ado, don shi a rayuwarsa bai taɓa sakin aiki tsirara ba.

Na yi masa bayani cewa wuƙa ana so ta yi tauri, gujon kuwa ana so ya ɗan ba da kai in nauyi ya hau shi, in ya yi tauri sai ya karye. Ya ɗauki guntu ɗaya ya dubi cikinsa a haske. Maƙeri ne na gaske, ban gama ba ya gane. Ya ce, "Illa, sau uku ina aika matarsa ta tambaye shi ko aikin ya yi. Sau uku yana cewa ya yi ƙwarai." Ya juya yana kallon wutar. Ni da na zo da faɗa a bakina, haka na tashi ban yi ba.

Ranar Alhamis na wuni a bayan katanga ina kwance cibiyar ƙafa daga gawar wata katkat da Nasara suka bari, da gujon ɗinta na asali. Na ɗaura, na loda kaya, na sake kwanciya a kan buhu muka zaga korin har sau uku. Shiru, kuma alli bai goce ba. Sannan na sa hannu.

Juma'a da sassafe ana shirin tashi sai ga Baba Sidi da sandarsa a ƙofar garaji. Alasan yana tsaye jikin mota, tsakaninsu bai fi taku uku ba. Tsoho bai dube shi ba, ni ya fuskanta. Ya ce, "Illa, ka gaya wa shofer ɗinku, kunyar da ya yi mini na gode. Amma ka ce masa ni ban aurar da ɗiyata don in ga takabarta ba. In na ƙara ɓata ƙarfe, ya aiko ka."

Ina tsammanin magana ta ƙare, sai na ga duk su biyun suna jirana. Dole na juya, da girmana, na maimaita wa Alasan abin da ya ji da kunnensa, kalma bayan kalma. Ya saurara kansa a ƙasa, idonsa ya cika. Sannan ya ce, "Metur, ka ce masa aikin ya yi kyau. Motar ce ba ta dace da shi ba."

Na ce wannan kam ba zan kai ba, ya hau mota ya ba ni wuri kafin in ɗauko gudumar da na ajiye.

Sun je, sun yi lambarsu, sun dawo su biyar, salkunan nan huɗu ko kwance bakinsu ba a yi ba. Tun daga ranar ba na gwada mota sai da kayanta, kuma ba na barin kowa ya kwance mini ƙafar da nake tuhuma, komai ladabinsa. Littafin Mushe Abdu ya lissafa abubuwan da ke sa ƙafa ƙara, kuma duk gaskiya ne, amma wanda ya rubuta shi bai san mutanenmu ba. A garin nan mutum zai nuna maka ƙafar, ya gaya maka irin ƙarar, ya tsaya nan, ragowar kuma sai ka nemo da kanka. Shi ya sa in shofer ya ce mini ƙafa tana magana nake tambayarsa wa ya taɓa ta a ƙarshe. In ya ba ni suna, in ɗauko kirik. In kuwa ya sunkuyar da kai ya ja rawani, sai in tambaye shi ɗiyar wa yake aure.